Bututun esin motata ya tsage bayan karo: in yi walda ko in sayi wani?

Abban Sadiya, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin esin mota, don na ji bakin mutum uku, kowa da tasa, kuma kowanne a cikinsu akwai abin da yake son sayar min.

Motar Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, mai injin 1.8. A ƙarshen Disamba ina dawowa gida ta Titin Zariya bayan magariba, hazo ya ɗan sauka, wani mai a-daidaita-sahu ya tsaya cak a tsakiyar hanya zai ɗauki fasinja. Mai Hilux ɗin da ke gabana ya take birki, ni kuwa na makara. Ba gudu nake ba, amma Hilux ɗin na da ƙarfen nan na jan tirela a baya, shi ya shige ta cikin bambata kamar an soka tsinke a tsire. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, motarsa ma ko ƙwarzane babu. Abin da ba na mantawa shi ne ƙarar "fsssss" da farin hayaƙin da ya taso daga ƙarƙashin bonet na wajen minti guda. Na ɗauka lagireto ne ya fashe, na yi maza na kashe mota, amma da muka haska da fitilar waya ruwa bai zuba ba ko ɗigo.

Na kai wa mai gyaran jiki. Ya ɗaura sarƙa ya janyo ƙarfen gaban da ya lotsa, ya sa bamba da fitila ɗaya na gwanjo, aka yi fenti. Shi ya nuna min wani siririn bututun alminiyam, kaurinsa bai wuce na biro ba, wanda ya fito daga gefen kondensa, wato mai kama da lagireto ɗin nan da ke huce gas ɗin esi, ya bi jikin mota ya shige ciki. Ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. A gabana ya sa filaya ya miƙe shi, na ji ɗan "ƙas". Tsagar ba ta kai faɗin farce ba, tana nan kamar yatsa uku daga inda bututun ke ɗaure da kondensa. Ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne, in kai wa masu esi.

To lokacin sanyi ake yi, wa ke ta esi a Janairu? Na ce sai zafi ya zo. Ga shi ya zo da ƙarfinsa. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan bututun yana nan yadda yake, ko leda ban ɗaura masa ba. Yanzu in na ɗauko yara daga makaranta ƙarfe biyu na rana, kafin mu iso gida ƙaramar ta jiƙe sharkaf, ta yi barci baki buɗe, uwarsu kuma ta sa ni a gaba.

Mai walda ya ce aikin minti goma ne, a jikin motar ma zai yi, ba sai an kwance komai ba. Wani mai esi a bakin titi ya ce a yanke wurin, a cusa tiyo, a ɗaure da kilif biyu, a zuba gas gwangwani biyu, in kama gabana. Na ukun mai shago ne da injuna, ya ce sabon bututu, sabuwar kondensa, a wanke layin gaba ɗaya, kuɗin da ya faɗa ya kusa kuɗin makarantar yaran na zango guda, kuma bai ko sunkuya ya duba da kyau ba.

Waldar nan tana riƙewa kuwa? Me ya haɗa kondensa da tsagar bututu? Sannan mene ne wannan "bakyum" da mai shagon ke ta nanatawa, ko dai hanyar ƙara kuɗi ce kawai?

Sarkin Hanya

Wa alaikumus salam. Alhaji Allah ya kiyaye gaba. Kai dai masu shago sun ga ka zo da takalmi mai tsada. Ni a Sharon ɗina bututun ruwa ya taɓa tsagewa tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, na goge shi da sanfefa, na kwaɓa Araldite na shafa, na naɗe da zare na ƙara shafawa. Har na sayar da motar bai ɗiga ba. Gwada wannan tukuna, ɗari nawa ne? In ya ƙi kuma ga esin talaka nan, sauke gilashi huɗu ka taka tamanin.

Oga Mai Esi, Panteka Kaduna

Malam Abban Sadiya sannu da jajen mota. Sarkin Hanya, na gaishe ka, amma ka bar mutumin nan da Araldite ɗinka. Ruwan lagireto ƙarfinsa bai wuce 15 ko 16 a geji ba, wato agogon auna matsi, murfin ma a nan yake buɗewa. Wannan siririn bututun da yake magana na ɓangaren matsi ne. In mota na tsaye a danja da rana irin ta Afrilu, allurar jan geji tana hawa 200, tana wuce 250. Ko motar a kashe take, in gari ya kai digiri 40 gas ɗin da ke ciki yana danna bango da abin da ya haura 130. Ga mai a cikin bututun da ba ya barin gam ya kama, ga jijjigar inji. Zai riƙe kwana biyu, ranar na uku ka yi asarar gas ɗinka. Maganar tiyo da kilif ma ka manta da ita. Tiyon esi daban yake, yana da shimfiɗa a ciki da ke hana gas ratsawa, kuma da inji ake matse bakinsa, ba da sukudireba ba.

Walda tana yiwuwa, ina yi ma, amma ba yadda mutumin ya faɗa maka ba. Wanda ya ce zai kunna wuta a jikin mota kusa da kondensa da robar bamba da wayoyin fitila, ka yi masa godiya ka tafi. Kwance bututun ake yi, a cire zoben robar da ke bakinsa, a cire suwic ɗin matsi in a jikinsa yake, a wanke man ciki tas. Alminiyam ba kamar baƙin ƙarfe ba ne da zai yi ja ya gargaɗe ka. Yana nan fari fat, sai kawai ka ga ya zube a wajen digiri 660, ramin da ya fi na da ya buɗe. Shi ya sa ake amfani da sandar da ke narkewa kafin shi. Kuma wurin da ya lanƙwashe aka miƙe da filaya ya riga ya gaji, in ka toshe tsagar nan za ta ɓullo a gefenta. Abin da muke yi, mu yanke gurbin gaba ɗaya, mu sako guntun bututu mai ɗan faɗi ya zama riga, a liƙe baki biyu. Bayan nan a sake wankewa, don garin da ake shafawa kafin walda in ya saura a ciki zai je ya toshe bawul. Sai a toshe baki ɗaya, a hura, a tsoma a bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke yi wa tub.

Amma ga gaskiya: Corolla 2005 ta cika ƙasar nan kamar ƙasa. Bututunta na Beljiyam yana nan a Ƙofar Ruwa, ba sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ba. Ina yin walda ne ga motar da samun kayanta ke wuya. Taka kuwa, tsagar yatsa uku daga mahaɗa, wuri ne matsattse, ka sayi wani ka huta. Ka tafi da tsohon a hannunka ka jera su, don na 'yar Amurka da na 'yar Turai ba lanƙwasa ɗaya suke da ita ba. Ka duba bakinsa, in a buɗe aka rataye shi a rana ƙura ta cika shi, sai an wanke. Zoben roba kuma sababbi, koraye, a shafa musu man esi kafin a ɗaure.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a labarinka. Ka ce gas ya fita a daren karon, da ƙara da farin hayaƙi, cikin minti guda. Ka kuma ce "ƙas" ɗin bututu a wajen mai gyaran jiki ka ji shi, bayan kwanaki. To a daren nan ta ina gas ɗin ya bi? Yana yiwuwa bututun ya riga ya tsage filaya ta ƙarasa. Amma ƙarfen jan tirela in ya huda bamba, abu na farko da zai tarar ita ce kondensa, don a gaban lagireto take. Ka ɗauki tocila ka leƙa ta ƙarƙashin bamba da ta cikin giril. Gas ba ya fita shi kaɗai, da mai yake fita, mai kuma ƙura yake kamawa. In ka ga wani baƙin tabo mai danƙo a jikin kondensa, ka faɗa min inda yake.

Bakyum kuwa ba wayo ba ne. Man da ke cikin esinka, wanda Toyota ke kira ND-8, yana shan danshi daga iska kamar gishiri da damina. Ruwa in ya shiga layi abu biyu yake yi. Yana daskarewa a ɗan ramin bawul ɗin da ke bayan dashbod, sai ka ga esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ya narke ya dawo, kana ta zargin rewaya. Sannan yana haɗuwa da mai da gas ya zama asid, ya riƙa cin alminiyam daga ciki. Injin bakyum yana zuƙe iskar layin har ruwan ya tafasa da kansa ba wuta, ya fita a tururi. Minti 30 zuwa 45 ake barinsa yana ja, sannan a rufe a zuba wa allura ido minti goma sha biyar. In ta motsa, akwai yoyo. Wanda ya buɗe gwangwani ta nan ya danna bawul ta can ya ce ya kori iska, wasa yake yi da kuɗinka.

Akwai kuma direya, 'yar jaka mai ƙwayoyi irin waɗanda kake gani a kwalin sabon takalmi, aikinta tsotse danshi. A motarka tana cikin bututun da ke gefen kondensa. Wata uku a buɗe, ta sha ta ƙoshi, ba abin da za ta ƙara ɗauka. Ko kondensar lafiya take sai an sauya ta.

Kafin nan kada ka yarda kowa ya haɗa maka kwamfuresa, wato famfon da ke tura gas ɗin, dairek don "a ji ko tana aiki". Suwic ɗin matsi ne ya hana ta tashi da ya ga ba gas, kuma shi ya cece ta har yau. Gas ne ke zagayawa da mai. Ta juya a bushe, za ta niƙe cikinta ta watsa garin ƙarfe ko'ina, lokacin ne za ka san kuɗin da mai shago ya faɗa maka sadaka ne.

Abban Sadiya, Kano

Oga Allah ya saka da alheri, wallahi ka yi min bayanin da mutum uku ba su yi ba. Bayan la'asar na shimfiɗa kwali na kwanta a gaban motar, maƙwabcina har ya fito yana tambaya ko lafiya. Tabon yana nan kamar yadda ka ce. A kusurwar ƙasa ta ɓangaren fasinja, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, baƙi, na taɓa ya maƙale min a yatsa. Siraran fukafukan wurin duk sun kwanta, ɗaya daga cikin layukan kwance kuma ya ɗan lotsa ciki. Daga sama ba a ganinsa sam, ƙarfen bamba ya kare.

Amma ina da ja a kan maganar danshi. Duk watannin nan hunturu ne da bazara, ko ɗigon ruwa ba a yi ba, leɓen mutum ma tsagewa yake. Wane danshi ne zai shiga ta tsagar da ba ta kai farce ba? Kuma kondensar, ba za a iya liƙe ta ba ita ma?

Sarkin Hanya, esin talakan nake amfani da shi tun Maris, iskar da ke shigowa kamar an buɗe murhun mai gurasa.

Ɗan Katsinawa, Maraɗi

Salamu alaikum. Mu nan kilim muke ce mishi, kuma ciwon ɗaya ne. Ni a tawa Avensis an yi mini walda irin ta riga da Oga ya faɗa, shekara biyu ke nan ba ta motsa ba, to amma mutumin kwana ya yi da bututun, bai yi shi ina tsaye ba.

Abin da nike so in ƙara, ka sa ido kan gas ɗin da za a zuba maka. Motarka R134a take sha, yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Akwai masu zuba R22 na kilim ɗin ɗaki, shi kuwa ƙarfinsa ya fi abin da aka yi motar dominsa. Akwai masu zuba na firji, R600a, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, wuta yake kamawa. Ka yi tunanin daren da ka yi karon nan da shi ne a ciki, ga batir ga wayoyin fitila da suka fashe. Sannan akwai jabu, kwali da rubutu duk daidai amma an gauraya da wani abu wai shi R40, wanda ke cin alminiyam. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil saboda shi, mutum uku suka mutu. In an ce maka ga wani mai rabin kuɗi, ka tambayi kanka dalili.

Kuma in za a kunna wutar walda kusa da layin da gas ya saura a ciki, ka matsa nesa. Hayaƙin da ke fita guba ne, yana ƙona maƙogwaro da huhu.

Oga Mai Esi, Panteka Kaduna

To ka ga inda gas ɗinka ya bi. Ashe mai shagon nan bai yi ƙarya ba, laifinsa dai bai nuna maka ba. Da ka bi ta mai walda, an liƙe bututu tsaf, an zuba gas, ka biya, ka ji sanyi har gida, washegari ka tashi ba komai, ka koma kana zagin waldarsa alhali ba ita ba ce.

Kondensar motocin da, wadda bututu ɗaya ne ke kai da komo kamar maciji, ana liƙe ta. Irin taka layuka ne kwance, kowanne a cikinsa akwai ramuka ƙanana kamar na allura. Ka sa wuta ka toshe su, ko ka narkar da na kusa. Ba ta ma wankuwa da kyau, ruwan wanki sai ya bi ta layin da ke buɗe ya bar wanda ya toshe. Sauya ta. Sabuwa tana zuwa da direyarta a ciki, ka huta da neman wannan. In ta Beljiyam za ka saya, a hura ta a gabanka kafin ka biya, kuma a sa mata sabuwar direya, don ita ma Allah kaɗai ya san tun yaushe take rataye.

Maganar hunturu kana da 'yar gaskiya, da a Agusta abin ya faru da ya fi muni. Amma layin yana numfashi: da rana ƙarfe ya yi zafi iska ta fita, da asuba ya huce ya ja wata ciki, kullum, sau ɗari. Kuma sau nawa aka wanke motar nan a wata ukun? Yaran wankin mota ba inda suke son harba ruwa kamar giril. Ga ƙurar hunturu da ta fi gari laushi. Ni dai ba na rufe layin da ya kwana uku a buɗe ban ja bakyum ba, balle wata uku. Ka kuma duba injin da zai ja da shi. Wasu tsohuwar kwamfuresar firji suke ɗaura wa tiyo, tana ja amma ba ta kai inda ruwa zai tafasa ya fita duka.

Bayan an haɗa komai, kafin gas, a gwada da naitirojin, a kai shi 150 ko sama kaɗan, a bi kowace mahaɗa da ruwan Omo. Iskar mai faci ruwa ce fal. Silindar oksijin ta mai walda kuwa ko da wasa, in ta haɗu da mai a cikin matsi fashewa take, ta kashe mutane a wannan sana'ar.

Gas da sikeli ake zubawa. Nauyin yana kan sitikar bonet, na motarka bai kai rabin kilo ba da kaɗan, gwangwani kuma yawanci giram 340 ne, ka ga biyu cur sun yi yawa. Mutanenmu suna ganin in an ƙara gas an ƙara sanyi, alhali matsi kawai yake hawa kwamfuresa ta riƙa yankewa. Mai kuma a mayar da gwargwadon wanda ya tafi da tsohuwar kondensa da wanda ya zube, ba a tuttula ba, yawansa ma yana rage sanyi. Kada a sa na firji ko na inji.

Abu na ƙarshe, fanka. Tun da gaba ya lotsa, ka tabbata tana tashi da an kunna esi, kuma ba ta gugar komai. Esin da ke sanyi a kan hanya ya ɗauke a cunkoso, fanka ce ko kondensa da ta toshe da datti.

Maman Iman

Ni ban san komai a bututu ba, amma Abban Sadiya ba ka da inshora ne? Mijina ya ce tun farkon 2023 aka mayar da ita naira 15,000, ai ya kamata su yi wani abu.

Abban Sadiya, Kano

Hajiya ina da ita, amma irin wadda kowa ke yanka ce, motar wanda ka buga take gyarawa ba taka ba. Hilux ɗin kuwa ko fentinsa bai goge ba.

Jama'a ga yadda aka ƙare, don na yi alkawarin dawowa.

Ranar Asabar na sa aka kwance min bututun na tafi da shi Ƙofar Ruwa a cikin buhu. Wanda aka fara miƙo min yaron ya rantse na motata ne. Na jera su a ƙasa, tsayi ɗaya, baki ɗaya, amma lanƙwasar ƙarshe ta juya wani gefe daban. Sai a rumfa ta uku muka samu daidai, har da hular roba a baki ɗaya. Kondensa sabuwa na saya a kwali, ba ta kamfanin motar ba ce, amma da direyarta.

Na koma wajen mai shagon nan, na ukun. Da na ce masa ina son a gwada da naitirojin, a ja bakyum minti 40, a auna gas a sikeli, ya dube ni ya ce, "Alhaji wa ya karanta maka?" Na ce wani ogana ne a Kaduna. Daga nan maganarmu ta canja, har kuɗin aikin ya sauko, tun da na zo da kayana. Wankin layi gaba ɗaya da ya ce da farko ma ya janye. Ya zuba ɗan man kwamfuresa a farar takarda, ya fito garau ba baƙi ba ƙyalƙyalin ƙarfe, ya ce sauran bututun kawai zai wanke ya busa.

Da aka ciro tsohuwar kondensa na roƙe shi ya hura ta don in gani da idona. Ya toshe baki ɗaya, ya watsa ruwan Omo a kusurwar nan, kumfa ya taso kamar ana wanki. Ya kuma kwance ƙasan bututun gefe ya zaro jakar direyar, ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi kamar biskit da ya sha shayi. Oga na janye jan da na yi.

Gwajin farko bai wuce ba. Allura ta sauko daga 150 zuwa wajen 140 cikin minti goma. Suka bi da kumfa, ashe yaron shagon ne ya mayar da tsohon zoben roba a mahaɗar da ke kusa da dashbod, sababbin na cikin aljihunsa. Ogansa ya yi masa tas, aka sauya, aka sake hurawa, muka je muka yi azahar muka dawo allura na inda aka bar ta. Bakyum kuwa ni na riƙe agogo, ina zaune a benci da zoɓo mai ƙanƙara, injin na ta gurnani. Sau biyu yaron na cewa ya isa.

Da aka gama ya soka ɗan ma'aunin zafi a ramin iska na tsakiya, mota na tsaye a rana ƙarfe uku, ya sauka zuwa digiri 9. Fanka na tashi lafiya. Yau kwana goma sha ɗaya, sanyin bai ragu ba. Ƙaramar yanzu cewa take in rage, wai hancinta.

Saura abu ɗaya Oga. In na hau kwalta mai gargada ina jin ɗan "kar-kar" daga wajen fitilar fasinja. Na buɗe na ga sabon bututun yana taɓa ƙarfen jikin mota a wuri ɗaya, akwai ramin ƙusa a wurin amma ba abin da ke riƙe shi. Ina jin maƙalin ya ɓace tun wajen mai gyaran jiki. Zai iya jira zuwa ƙarshen wata?

Oga Mai Esi, Panteka Kaduna

Ba zai jira ba. Ƙarfe da alminiyam in suna guga alminiyam ne ke ci, wata biyu ya huda. Yau ɗin nan ka yanko guntun tsohon tiyo, ka tsaga shi a tsaye, ka sanya wa bututun a wurin, ka ɗaure da igiyar roba irin ta masu wayarin. Asabar ka koma rumfar da ka sayi bututun su ba ka maƙalinsa, da ƙusarsa mai lamba 10. Kuma kada ka ja bututun da hannu don ya matsa, a haka na farkon ya ce "ƙas".

Sarkin Hanya

Alhaji tsohon bututun yana nan? Ka ajiye min, zan biyo ta Kano ranar Laraba. Akwai sauran Araldite a motata, so nake in gwada a gaban Oga.